Wa ke da kalmar? Fashin baƙi kan kamfanonin da ke yi wa kalmomin fasaha rajista

Shin ya kamata a bar kamfani ya ɗauki kalmar da kowa ke faɗi a harkar waya da kwamfuta, ya yi mata rajista, ya ce daga yau ba mai sake sa ta a jikin hajarsa? A ce wani ya yi rajistar "caja" ko "data". Mai shago a kasuwar Wunti da ya rubuta "Akwai caja" a allonsa ya taka doka ke nan?

Maganar ta sake tashi a watan Afrilun 2025, lokacin da kamfanin Figma na Amurka ya aika wa wani ƙaramin kamfani na Suwidin mai suna Lovable takardar lauya, cewa ya daina kiran wani sashe na manhajarsa "Dev Mode", domin shi ya yi wa sunan rajista. Masu rubuta manhaja suka yi caa. A wurinsu wannan ba sunan kowa ba ne, taƙaitacciyar hanya ce ta cewa "sashen masu gina manhaja". Duk mai gyaran waya ya san ɗan'uwan wannan sashe a Android, wanda yake ɓoye har sai ka taɓa lambar ginin wayar sau 7 a jere. Kafin wannan, a Fabrairun 2024, ofishin rajistar alamun kasuwanci na Amurka ya hana kamfanin OpenAI, mai manhajar ChatGPT, mallakar haruffan "GPT", bisa hujjar cewa bayanin irin fasahar suke yi, ba sunan mai ita ba.

Ɗaya an ba shi, ɗaya an hana shi. Don a gane dalili sai an fara warware wasu abubuwa da ake yawan cakuɗawa.

Takardar CAC ba rajistar alama ba ce

Mutum zai ce "ai na yi wa sunana rajista," ka duba ka ga takardar hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ce a hannunsa. Wannan takarda tana ba ka sunan da za ka buɗe asusun banki da shi, ka nemi kwangila, ka biya haraji. Ba ita ke ba ka ikon hana wani buga irin sunan a jikin kwalin kayansa ba. Haƙƙin mallaka kuma yana kare rubutu da hoto da waƙa da layukan umarnin da aka gina manhaja da su, amma ba ya kare kalma guda ko suna. Haƙƙin ƙirƙira yana kare sabuwar dabara, kuma shekara 20 ne ya mutu, kowa ya ɗauka.

Alamar kasuwanci daban take. Aikinta ɗaya ne tak: ta gaya wa mai saye daga hannun wa kaya ya fito. Kamar shaidar da ɗan kasuwa ke zanawa a jikin buhunansa a Muda Lawal kafin a loda mota, don kada nasa su ɓace cikin na mutane. Shaidar tasa ce, ba mai ja. Amma kalmar "masara" da aka rubuta a gefenta ba tasa ba ce, ko da shi ya fi kowa yawan buhu.

Abu biyu a riƙe a nan. Na farko, ba a rajistar kalma a kan komai da komai. An raba kaya da ayyuka aji 45, 34 na kaya, 11 na ayyuka. Waya da kwamfuta da manhajar da ake saukewa suna aji na 9, harkar kuɗi na 36, gyare-gyare na 37, sadarwa na 38, koyarwa na 41, gina manhaja da ajiyar bayanai na 42. Ikonka yana tsayawa a kan kayan da ka ambata da makusantansu. Na biyu, alama ba ta da ranar mutuwa muddin ana sabunta ta. Wannan ne ya sa kuskure a nan ya fi tsada. Idan aka ba wani haƙƙin ƙirƙira bisa kuskure, lokaci zai gyara. Idan aka ba shi kalmar mutane, jikokinsa ma za su gada.

Kalmomi ba ƙarfinsu ɗaya ba

Lauyoyin wannan fanni suna jera kalmomi kamar matakalar bene. A can sama akwai ƙagaggiyar kalma, wadda babu ita a duniya sai da kamfani ya ƙago ta, irin Kodak da Xerox. Ba wanda aka ƙwace wa komai, don haka doka ta fi ba ta kariya. Ƙasa da ita akwai kalmar da ake da ita amma aka ɗora ta a kan abin da ba ruwanta da shi. Apple tuffa ce, kuma ba abin da ya haɗa tuffa da kwamfuta. Da wani a Azare zai sa wa manhajar lissafin shago suna "Giginya", a wannan mataki yake. Sai kalmar da ke yin ishara ba tare da ta fito fili ba, kamar ka kira kamfanin intanet "Walƙiya". Mai ji zai hango sauri, amma sai ya ɗan yi tunani. Waɗannan ukun ba a cika rigima a kansu ba.

Mataki na huɗu shi ne kalmar da ke siffanta kaya kai tsaye: "Saurin Caji" a kan caja, "Gyara Nan Take" a kan shagon gyaran waya. Asali ba a ba da ita, domin duk mai irin sana'ar yana bukatarta. Sai dai an bar ƙofa. Idan ka daɗe kana amfani da ita har jama'a suka koma in sun ji ta kai suke tunawa, ana iya yi maka rajista, amma kai za ka kawo hujja: shekarun amfani, yawan ciniki, kuɗin talla, shaidar dillalai.

A ƙasan matakalar akwai sunan abu kansa: waya, caja, kwamfuta, manhaja. Wannan ko shekara ɗari ka yi kana tallarsa ba ya zama naka. Kuma matsayin kalma yana sauyawa da irin kayan da aka ɗora ta a kai. Kamfanin Apple ba zai hana mai sayar da tuffa a bakin titi ya kira ta da sunanta ba. Sauya harafi ma ba ya ceto. Ka rubuta "Kaja" ko "Chajja", in dai kunne caja yake ji, mai tantancewa zai ɗauke ta caja.

Ke nan amsar tambayar farko a fili take: mai shagon Wunti bai taka dokar komai ba. Duk faɗan da ake yi a tsakanin mataki na huɗu da na biyar yake, kuma a harkar fasaha iyakar da ke tsakaninsu ba ta zama wuri ɗaya.

Me ya sa abin ya fi ƙamari a fasaha

Gishiri da sabulu sun daɗe da sunayensu. Sabuwar fasaha kuwa tana zuwa ba ta da suna. Wanda ya fara fito da ita shi ke raɗa mata, sai sunan ya ɗauki kaya biyu lokaci guda: sunan hajar kamfanin, kuma sunan da mutane ke kiran duk wani abu irinta. Cikin wata shida kalma kan tashi daga ɗakin injiniyoyi ta shiga bakin kowa, alhali takardar neman rajista tana nan kan tebur ba a gama duba ta ba. Jami'in da ke tantancewa kuma lauya ne, ba mai rubuta manhaja ba. Kalmar da ta zama ruwan dare a wurin masu sana'a, shi yana iya ganinta baƙuwa, ya buga hatimi.

Sai maganar nema. A kasuwa ta zahiri mai saye yana zagayawa da ƙafarsa, ya ga shago goma a layi ɗaya. A waya kuwa kalma yake rubutawa a akwatin nema. Wanda ya riƙe kalmar da mutane ke rubutawa ya tare bakin ƙofar kasuwar gaba ɗaya.

Yadda ta kaya a wasu shari'o'i

Microsoft ya kai wani ƙaramin kamfani mai suna Lindows ƙara a 2001, cewa sunan ya yi kama da Windows. Lindows ya juya ya kama tushen maganar: tun kafin Microsoft ya fito da hajarsa a 1985, masana kwamfuta suna kiran waɗannan murabba'ai na kan allo da wannan kalma, wato tagogi. Da alƙali ya nuna cewa ma'anar kalmar a wancan zamanin za a duba, sai wanda ya kawo ƙara ya koma neman sulhu. A 2004 Microsoft ya biya dala miliyan 20, Lindows ya koma Linspire. Mai ƙara ne ya biya wanda yake ƙara, don kada kotu ta furta abin da yake gudu.

Apple ya buɗe App Store a 2008. Da Amazon ya buɗe nasa a 2011 ya kira shi Appstore, Apple ya garzaya kotu. Amazon ya ce kantin da ake sayar da manhaja ba shi da wani suna sai kantin manhaja. Microsoft, wanda shi ma sunan hajarsa ya sha da ƙyar, yana cikin masu cewa kalmar ta kowa ce. Apple ya janye ƙarar a 2013 ba tare da an yanke hukunci a kan kalmar ba. A 2008 Dell ya kusa samun "cloud computing", sunan da ake kiran duk harkar aiki da ajiya a na'urorin nesa ta intanet. Har an ba shi takardar amincewa ta farko, aka yi surutu, ofishin ya sake dubawa ya ƙi. Kamfanin Psion kuma yana da rajistar "netbook" tun wata na'ura da ya fitar a 1999. Da kalmar ta zama sunan duk ƙananan kwamfutocin cinya masu araha, ya fara aika takardun gargaɗi, Intel da Dell suka ƙalubalance shi, a 2009 ya haƙura da rajistar.

Ba kullum jama'a ke nasara ba. A Yunin 2020 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 8 da 1, ta ce Booking.com na iya zama alama, ko da yake kalmar farko ma'anarta kama ɗaki ko wuri ce kawai, ta biyun kuma wutsiyar adireshin intanet. Hujjarsu ita ce abin dubawa shi ne yadda masu saye suka ɗauki sunan, kuma an nuna cewa mafi yawansu kamfani guda suke nufi. Alƙali Stephen Breyer, wanda ya saɓa, ya yi gargaɗin cewa hakan zai ba masu riƙe da gajerun adireshi damar tsoratar da masu gasa da su.

Wanda ya fi ban takaici shi ne JavaScript, yaren da kusan kowane shafin intanet ke aiki da shi, wanda ɗalibai ke koya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi. An ƙirƙire shi a 1995. Sunan yana hannun kamfanin Oracle, wanda bai ƙirƙiri yaren ba, ya gaje shi ne da ya sayi kamfanin Sun a 2010. Saboda wannan rajista, ƙa'idar yaren a hukumance wani suna take ɗauke da shi, ECMAScript, kuma masu shirya taruka sukan kauce wa cikakken sunan. A Nuwamban 2024 kamfanin Deno ya shigar da buƙatar a soke rajistar.

Abin da kamfanoni ke cewa

Hujjarsu ba ta banza ba ce. Duk wanda ya taɓa sayen caja ko batir na jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani, ya kumbura ko ya ƙona masa waya, ya san amfanin alama. A manhaja abin ya fi haka haɗari. Da ChatGPT ya yi suna, manhajoji barkatai suka cika kantunan waya da haruffan GPT a sunansu, wasu suna karɓar kuɗin mutane bisa zaton na asali ne. Kamfani zai ce: in ba ni da iko a kan sunan, da me zan kore su?

Akwai kuma tsoron wani ya riga ka. A 1994 wani mutum a Amurka da ba shi da hannu a gina Linux, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta irin Windows, ya yi wa sunan rajista, daga baya ya fara neman kaso daga masu sayar da shi. Sai da aka yi shari'a kafin a 1997 sunan ya koma hannun Linus Torvalds, wanda ya fara rubuta shi. Wi-Fi da Bluetooth ma alamu ne masu rajista, amma a hannun ƙungiyoyin kamfanoni suke, kuma ana ba duk wanda na'urarsa ta cika ƙa'ida izinin sa su. Wannan irin rajista tsare kalma take yi don kowa ya amfana, kuma da wuya ka ji ana kuka da ita.

Hujja ta uku ita ce doka da kanta ke tura su. Wanda ya bar kowa yana amfani da alamarsa bai ce uffan ba, wata rana kotu za ta ce ya sake ta. Wannan gaskiya ne, amma ana fakewa da guzuma a harbi karsana. Doka ta ce ka kare alamarka daga mai ruɗa masu saye. Ba ta ce ka bi duk wanda ya furta kalmar ba.

Inda gizo ke saƙar

A takarda, doka ta riga ta hana mallakar sunan abu. A aikace kuwa, yawancin rigingimun ba sa isa gaban alƙali. Takardar lauya ce ke zuwa, mai shafi biyu, da wa'adin kwanaki. Ƙaramin kamfani zai lissafa kuɗin shari'ar shekaru da kuɗin sauya suna, ya ga sauya suna ya fi sauƙi, ko da shi ke da gaskiya. A duba jerin da ya gabata: waɗanda suka tsaya suka yi ja-in-ja su ne Amazon da Intel da Dell da Microsoft. Faɗan giwaye ne. Lindows ne kaɗai ƙarami a cikinsu, shi ma a ƙarshe sunan ya bari. Rajista mai rauni a hannun mai kuɗi tana aiki kamar mai ƙarfi, tunda ba mai iya kai ta inda za a gwada ta.

Don haka a ganina amsar ba "a hana" ko "a bari" ba ce. Kamfani ya mallaki sunan da ya ƙaga, da tambarinsa, da cikakken sunan hajarsa. "Figma" nasa ne, "ChatGPT" nasu ne. Amma kalmar da masu sana'a ke faɗi tun kafin ya zo, ko wadda in aka cire ta ba sauran gajeriyar hanyar faɗin abin, bai kamata yawan kuɗin talla ya saye ta ba. Ƙofar nan ta mataki na huɗu ta cika faɗi, domin wanda ya fi kuɗin talla shi zai fi saurin sa jama'a su danganta kalma da shi. Kotun Ƙolin Birtaniya ta ɗan rage wani ɓangare na wannan a Nuwamban 2024, a shari'ar kamfanin talabijin na Sky da kamfanin manhaja na SkyKick, inda ta ce yin rajista a kan tulin kayan da ba ka da niyyar sayarwa na iya zama mugun nufi. Wannan Sky ɗin ne ya sa Microsoft ya sauya SkyDrive zuwa OneDrive a 2014.

Omo, Maggi da sauransu: idan suna ya ƙwace wa mai shi

Ruwan yana gudu ta ɗaya ɓangaren ma, kuma mu nan gwanaye ne. Duk garin sabulun wanki Omo ne, duk ɗunƙulen ɗanɗano Maggi, duk taliyar 'yan yara Indomie, duk ganyen shayi Lipton. Uwa za ta aiki yaro ya sayo "Omo na Klin", mai kanti kuma ya gane sarai. Kamfani yana jin daɗin wannan da farko, daga baya ya zame masa ciwon kai. Kamfanin magani na Bayer ya rasa "aspirin" a Amurka a 1921, ko da yake har yanzu alamarsa ce a Jamus. Kamfanin Otis ya rasa "escalator", sunan matakala mai tafiya da kanta, a 1950, kuma tallansa na kansa na cikin abin da aka kafa hujja da shi. A 2002 kotun ƙolin Ostiriya ta ce Walkman ya zama sunan kowace ƙaramar rediyon kaset ta aljihu. Google ya tsira a 2017: kotu ta ce ko da mutane sun mai da sunan aikatau, sun san akwai wasu injinan nema, kuma sun san wanne ne Google.

Maganar baki ba laifi ba ce. Ba mai kama ka don ka kira kowane janareta babba Mikano. Matsala tana farawa ne ranar da ka buga sunan a jikin kayan da kake sayarwa.

Me dokar Najeriya ta ce

Dokar alamun kasuwanci da muke aiki da ita ta 1965 ce, an gina ta a kan ta Ingila ta 1938, wato ta girmi kwamfutar tebur, balle wayar hannu. Sai a 2023 aka yi mata gyaran da ya ambaci ayyuka ƙarara, ba kaya kaɗai ba. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, shari'o'in kuma Babbar Kotun Tarayya ke saurare, wadda ke da reshe a nan Bauchi.

Sashe na 9 ya jera abin da ake karɓa a babban rukuni, wato rukunin A: ƙagaggiyar kalma, sa hannu, sunan kamfani da aka rubuta ta wata siga ta musamman, ko kalmar da ba ta nuni kai tsaye ga yanayin kaya ko ingancinsu, kuma ba sunan wuri ko na zuri'a ba. Ke nan "Bauchi Data" ya faɗi ta fuska biyu. Akwai rukunin B mai sauƙin shiga, amma kariyarsa ba ta kai ta A ba. Idan alamarka ta haɗa da kalmar kowa, magatakarda na iya sa ka rubuta cewa ba ka da iko a kan wannan ɓangaren shi kaɗai. Shi ya sa OPay da PalmPay da Paystack ke zaune a kasuwa ɗaya, ba wanda ya mallaki kalmar biya da ke jikin sunayensu. Dokar ta kuma ce rajistar wani ba ta hana ka amfani da sunanka na gaskiya, ko siffanta kayanka da zuciya ɗaya, kuma ba ta ture wanda ya riga mai rajistar fara amfani da alamar ya ci gaba ba yankewa.

Kotunanmu sun taɓa ja wa babba burki. A 2004, a shari'ar Ferodo da Ibeto kan birkin mota, Kotun Ƙoli ta ƙi yarda cewa launuka da adon kwali sun zama mallakin Ferodo, ta ce sunan ne alamarsa. A ɗaya gefen, tun 1961 kotu ta hana wani kantin magani a Onica amfani da sunan Nigeria Chemists saboda akwai Niger Chemists a garin. Wannan ita ce ƙarar sojan gona, wadda ko ba ka da rajista za ka iya shigarwa, sai dai kai za ka tabbatar da cewa an san ka da sunan, an ruɗi masu saye, kuma ka yi asara ko kana gab da yi.

Matakan rajista ba su da yawa. A fara bincike a ofishin ko akwai mai irin sunan a ajin da kake so. A shigar da takarda, kowane aji da tasa da kuɗinta. Za a ba ka shaidar karɓa, wadda ba amincewa ba ce, ko da yake mutane da yawa a nan suke tsayawa su ɗauka an gama. Bayan tantancewa sai takardar amincewa, sai a buga alamar a mujallar ofishin. Daga ranar bugawa duk mai ƙorafi yana da wata 2. In ba a samu ba, ko aka yi aka kore, sai satifiket. Rajistar farko shekara 7 ce daga ranar shigarwa, sabuntawa kuma duk shekara 14. Alamar da aka bari shekara 5 a jere ba a amfani da ita ana iya neman a soke ta. Haruffan TM kowa na iya sawa, amma R ɗin nan na cikin da'ira sai mai satifiket, sa shi ba rajista laifi ne.

Ta ina abin zai iso mu

Rajista ba ta tsallake iyaka. Wadda aka yi a Amurka ba ta aiki a Bauchi, kuma Najeriya ba ta cikin tsarin Madrid da ke ba da damar shigar da takarda ɗaya don ƙasashe da yawa. Haka taka ta Abuja ba ta kare ka a Nijar ko Kamaru ko Chadi, waɗanda ke ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar da ke yi musu rajistar alamu, mai hedikwata a Yawunde. Amma kada wannan ya sa a saki jiki. Matashin da ke Gwallameji ya gina manhaja ya ɗora a Google Play, ko mai sayar da data da duk cinikinta a Facebook da Instagram yake, a filin wasu suke zaune. Waɗannan dandamali suna da fom na ƙorafin alama, kuma sukan sauke shafi ko manhaja su ce ku je ku sasanta. Ba sammaci, ba alƙali, mabiyan da aka tara shekaru sun tafi.

Sai kalmominmu. Disney yana da rajistar jimlar Suwahili "Hakuna Matata" a kan tufafi a Amurka, abin da ya tayar da ƙura a 2018. A 2021 aka gano wani kamfani a Birtaniya ya yi wa kalmar "Yoruba" rajista, sai da aka yi masa ca ya saki. Jumia ma da ya fara a 2012 "Kasuwa" yake amsawa. Yanzu da manhajojin kuɗi ke neman masu jin Hausa, kalmomi irin adashi, asusu, aika, lamuni da bashi sun zama abin sha'awa. A kan manhajar tara kuɗi, "Adashi" sunan abu ne, a ƙasan matakala yake. Amma in jami'in da takardar ta faɗa hannunsa ba ya jin Hausa, zai iya ɗaukarta ƙagaggiyar kalma. Wata 2 ɗin nan ne damar tsayar da ita cikin sauƙi, ga shi ba kowa ke leƙa mujallar ba. Kuma alamar da ta shekara 7 a rukunin A, doka na ɗaukar asalin rajistarta a matsayin tabbatacce, sai in an samu zamba ko ta saɓa wa wasu sharuɗɗa ƙalilan. Aiki ne da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya da cibiyoyin matasa masu fasaha za su iya ɗora wa lauya guda ya riƙa dubawa.

Ga mai zaɓen suna, da wanda takarda ta iso masa

Kuskuren da ya fi yawa a nan ba kwaɗayin kalmar mutane ba ne, rashin sanin cewa ba za ta karu ba ne. A zaga Yelwa a ƙirga allunan da ke ɗauke da "Smart", "Tech", "Global", "Digital", "Communication". Sunan da aka haɗa da waɗannan zalla, gobe wani zai buɗe irinsa a gefenka, ba abin da za ka iya. Ka sa kalma guda mai ƙarfi a gaba, ƙagaggiya ko wadda ba ruwanta da sana'ar, bayanin sana'ar ya biyo a ƙasa da ƙananan haruffa. Mai gyara yana iya rubuta cewa yana gyaran Tecno da Samsung da iPhone, don gaskiya ya faɗa. Abin da zai jawo masa magana shi ne ya zana tambarinsu ƙato a allo, ko ya kira kansa wakilinsu alhali ba su naɗa shi ba.

In takardar gargaɗi ta zo, kada a yi banza da ita, kada kuma a sauke allo a ranar. A nemi lambar rajistar, da ƙasar da aka yi ta, da ajin, da jerin kayan da ta ƙunsa. A duba ko satifiket ne ko shaidar karɓa kawai, ko an sabunta, ko akwai sharaɗin da ya cire kalmar da ake magana a kai. Sannan a tattaro duk abin da ke nuna ranar da aka fara amfani da sunan: tsofaffin rasitai, takardar CAC, rasitin mai buga allo, hotuna masu kwanan wata, saƙon farko a shafin kasuwancin. Da waɗannan a hannu ake zuwa wurin lauya, kuma shi zai rubuta amsar, domin saƙon ban haƙuri da aka tura cikin firgici ta WhatsApp ana iya karanta shi a kotu a matsayin amsa laifi.